Zum ko tsayayyen gilashi: abin da ɗakin wasa mai duhu ya nuna mini

A daren da na fara ɗaukar wasan ƙwallon kwando a ɗakin wasa mai rufi, na koma gida da hotuna sama da 600 a kati, amma waɗanda zan iya nuna wa mutum ba su kai 10 ba. Yaran sun yi wasa mai kyau, sun ci da ratar maki biyu a daƙiƙun ƙarshe, iyayensu kuma suna jiran in turo musu hotuna kamar yadda na yi alkawari. Da na buɗe su a kwamfuta sai na ga bango ya fito tas, layin fili ya fito tas, har rubutun da ke jikin allon maki ana karantawa, amma 'yan wasan duk sun koma hayaƙi. Hannu ya narke cikin ƙwallo, fuska ta ja wutsiya. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin wasan ƙarshe ne na wasu daga cikinsu, kuma ba za a sake buga shi ba.

Gilashin da ke kan kyamarata a ranar mai zuƙowa ne, wato zum, 70-300mm f/4-5.6. Lambar mm tana nuna ƙarfin zuƙowa, ta f kuma faɗin ƙofar haske. Da rana tsaka a fili bai taɓa ba ni kunya ba. Saboda na yarda da nisan da yake kaiwa, sai na hau can saman kujerun 'yan kallo na zauna, ina zuƙo 'yan wasa daga nesa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, irin wannan gilashin yana tsuke ƙofar haskensa ne gwargwadon yadda ka zuƙo. A 70mm yana buɗewa har f/4, amma kana kaiwa ƙarshensa ya koma f/5.6. A hasken ɗakin nan, ko da na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 6400, saurin ƙiftawar kyamara bai wuce 1/125 na daƙiƙa ba. Yaron da ke gudun mita 6 a daƙiƙa yana matsawa kusan santimita 5 a cikin wannan ɗan lokacin, hannunsa kuwa ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Santimita 5 a kan fuska ya isa ya shafe ido da hanci.

Mako biyu bayan haka na koma ɗakin, sai na tarar da wani dattijo mai ɗaukar hoto zaune a ƙasa, bayansa jingine da bango, dab da layin da ke bayan kwando. Kyamararsa tsohuwa ce, fentin gefenta ya goge har ƙarfe ya fito, gilashin da ke kanta kuma gajere ne, bai fi kofin shayi ba. Na gaishe shi, na nuna masa abin da ya same ni. Ya duba hotuna uku kawai, ya duba lambobin da ke ƙasansu, ya ce, "Ɗana, a nan ɗakin nisa ba ya damun kowa, haske ne babu. Sauko ƙasa." Ya ciro 85mm f/1.8 daga jakarsa, da yake kyamarorinmu na kamfani ɗaya ne, ya miƙo mini ya ce in riƙe har a tashi. Na ce, "Baba, ai wannan ba ya zuƙowa." Ya ce fili duka mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kuma duk wanda ke son ci dole ya zo inda muke zaune.

Lambobin nan na f suna rikita mutum da farko, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Jerin yana tafiya ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma kowane mataki ɗaya da ka hau, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Daga f/5.6 zuwa f/2 mataki uku ne, wato haske ninki 8. Zuwa f/1.8 kuwa ya kusa ninki 10. A ɗakin da na sha wahala da 1/125, da gilashin dattijon nan sai ga ni a 1/1000, ISO ma na ɗan sauke shi zuwa 5000. Yaron da a da yake matsawa santimita 5, yanzu milimita 6 kawai yake yi kafin kyamara ta rufe ido. Hoton farko da na duba a bayan kyamara, wani dogon yaro ne ya tashi sama zai zura ƙwallo, ana ganin ɗigon gumi ya rabu da haɓarsa yana tsaye a iska, ana ganin tsagar da ke jikin ƙwallon. Na daɗe ina kallonsa har wasa ya wuce ni.

Daga ranar na shiga sahun masu cewa tsayayyen gilashi, wato wanda ba ya zuƙowa, shi ne gilashi, kuma na yi kusan shekara ina faɗin haka ga duk wanda ya tambaye ni. Na sayi nawa 85mm f/1.8, wanda nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Daga baya na ƙara da 135mm f/2 don ƙwallon raga da ƙwallon tebur, inda ba a bari ka matso sosai. Har gobe ina ganin babu gilashin da ke raba ɗan wasa da tarkacen bayansa kamar 135 ɗin nan. Kujerun roba, tallan da aka manna a bango, mutumin da ke latsa waya a layin gaba, duk sai su narke su zama launi kawai, ɗan wasan ya fito shi kaɗai kamar za ka taɓa shi.

Sai dai buɗaɗɗiyar ƙofa tana da kuɗin da take karɓa, kuma masu yabon ta ba su cika faɗa ba. Iya zurfin da ke fitowa garau yana raguwa sosai. Da 85mm a f/1.8, a kan cikakkiyar sensa, wato babban farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, in ɗan wasa yana mita 5 daga gare ka, abin da zai fito tas bai kai santimita 40 ba daga gaba zuwa baya. Da 135mm a f/2 daga mita 10, kamar santimita 65 ne. To ka duba mai tsaron baya da ya miƙo hannu gabansa. In kyamara ta kama tafin hannun, fuskar ta tafi. In 'yan wasa biyu suna kokawar ƙwallo, ɗaya gaba ɗaya baya, dole ɗayansu ya yi dishi-dishi. Na yi asarar hotuna masu yawa ta wannan hanyar kafin in koyi ɗora saitin da ke fito da hoto tas a kan ƙirji ko lambar riga, in bar kyamara tana bin motsi ba tsayawa, in kuma tsuke zuwa f/2.2 ko f/2.5 duk lokacin da haske ya ɗan ba ni sarari.

Matsala ta biyu ta fi ciwo, ita ce ta faɗin abin da gilashi ke iya ɗauka. 85mm in ka tsayar da kyamara a tsaye daga mita 5, yana ɗaukar tsayin mita 2 da ɗan kai, daidai mutum ɗaya ke nan. In ya matso mita 3, abin da zai shiga bai kai mita ɗaya da rabi ba, sai ka zaɓi ko kai ko ƙafa. Masu cewa ka zuƙo da ƙafarka suna magana ne a kan ɗaukar hoton titi ko na biki. A bakin fili an shata maka wurin zama, bango yana bayanka, alƙalin wasa yana hararar duk wanda ya taka layi. Ba inda za ka ja da baya. Akwai ranar da wata yarinya ta jefa ƙwallon da ta ba ƙungiyarta nasara, ta juyo da gudu ta nufo kusurwar da nake, 'yan uwanta suka rufa mata baya suka rungume ta mita biyu daga gwiwata. Abin da na samu shi ne kafaɗa da rabin kunne. Da 70mm ne ma da kyar zai ɗauke su, amma da na sami sakan biyu na gudun nata tana dariya kafin ta iso, waɗanda 135 ɗin da ke hannuna ya yanke mata kai a cikinsu.

Abin da ya karya mini ra'ayi gaba ɗaya shi ne ƙwallon ƙafa. Babban fili mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance. In kana bayan layin gida kusa da kusurwa, tsakiyar fili ta fi mita 50 daga gare ka. A wannan nisan, 200mm a cikakkiyar sensa yana ɗaukar faɗin mita 9 da tsayin mita 6, wato ɗan wasa bai cika kashi ɗaya cikin uku na tsayin hoton ba. 85mm kuwa sai ka ga mutane kamar tururuwa. Kuma wasan ba ya zama wuri ɗaya. Ƙwallo tana tsakiya, kafin ka ƙifta an cilla ta gefe, ɗan wasan gefe ya kwaso ta ya nufo ka, cikin daƙiƙa biyar ya tashi daga mita 40 ya dawo mita 8. Duk tsayayyen gilashin da ka riƙe, akwai ɗan yanki guda na wannan gudun da zai yi maka daidai, sauran ko ya yi nisa ko ya yi kusa.

Nan ne 70-200mm f/2.8 ya shigo rayuwata, kuma na gane dalilin da ya sa kusan duk mai ɗaukar wasanni da ka gani a bakin fili yana rataye da shi. Bambancinsa da zum ɗina na farko shi ne ƙofarsa ba ta tsukewa. f/2.8 ce a 70, f/2.8 ce a 200. Mataki biyu ke nan sama da f/5.6, haske ninki 4. Injin saitinsa kuma an gina shi ne don bin abu mai gudu, wanda ba kowane tsayayyen gilashi ke da wannan ba. Wasu masu f/1.4 da f/1.2, musamman tsofaffin, an yi su ne don hoton fuska, gilasan cikinsu masu nauyi ne, suna juyawa a hankali. Canon EF 85mm f/1.2 ya yi suna wajen kyan hoto, ya kuma yi suna wajen jinkirin saiti. Ƙaninsa mai f/1.8 ya fi shi saurin kama mai gudu, ga shi ya fi shi araha sosai. Don haka faɗin ƙofa kaɗai ba ya nuna maka gilashin da ya dace da wasa.

Da 70-200 na fara samun labarin ƙwallo daga farko har ƙarshe: ɗaukowa a 200, bugawa a 135, faɗuwar mai tsaron gida a 100, murna a 70, duk da murɗa hannu ɗaya ba tare da na ɗauke ido daga kyamara ba. Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba, wato ba sai ka riƙa cire gilashi kana sa wani a fili mai ƙura ko ana yayyafi ba. Kowace buɗewa ƙura ce a kan sensa, kuma kowace canzawa rabin minti ne da ba ka kallon wasa.

Nauyi kam akwai shi. Na tsofaffin samfurin kyamarori masu madubi a ciki, irin na Canon da Nikon, suna kusan kilo ɗaya da rabi. Sababbin da aka yi wa marasa madubi sun sauko, na Sony na biyu da na Canon RF na farko kilo ɗaya ne da 'yan kai. Minti 90 kana ɗaga kilo ɗaya da rabi haɗe da kyamara, washegari wuyanka da tsintsiyar hannunka za su gaya maka. Ni dai na saba, amma na san wata abokiyar aiki da ta ajiye nata ta koma 135mm saboda ciwon kafaɗa, ta kuma daidaita salon aikinta da shi, ta zaɓi yanki ɗaya na fili tana jiran wasa ya zo mata.

Wani zai ce ai ƙwararrun da muke gani a Gasar Cin Kofin Duniya da ta Olamfik tsayayyu suke riƙewa, manyan nan da ake ɗorawa a kan sanda mai ƙafa ɗaya. Gaskiya ne, yawanci 400mm f/2.8 ne, wani lokaci 300mm f/2.8 ko 600mm f/4. A mita 50, 400mm yana ɗaukar mita 4 da rabi a kwance da mita 3 a tsaye, ɗan wasa ya cika hoto. Amma ka dubi kafaɗarsu da kyau, za ka ga kyamara ta biyu a rataye, kuma kusan kullum 70-200 ne a kanta. Ƙwallo na shigowa da'irar mai tsaron gida za su kwantar da babban a kafaɗa su ɗago ƙaramin. Wato su ba su zaɓa ba, sun ɗauki duka biyun, da kyamara biyu ko uku. Tambayar zaɓi tamu ce, mu masu kyamara ɗaya da aljihu ɗaya. Su ma kamfanonin sun lura da wannan gajiyar ta sauya hannu, shi ya sa Nikon ya fitar da 120-300mm f/2.8 a 2020, Canon kuma ya fitar da RF 100-300mm f/2.8 a 2023, bayan Sigma ya daɗe da nasa 120-300. Tsadarsu da nauyinsu dai sun fitar da su daga lissafin yawancinmu.

Abu biyu zan faɗa a gurguje domin sun ci kuɗin mutane da yawa. Na farko, na'urar hana rawar hannu da ke cikin gilashi, wadda Canon ke kira IS, Nikon ke kira VR, rawar hannunka kawai take gyarawa. Ba ta tsayar da ɗan wasa. In kana 1/125, ko mataki nawa aka rubuta a kwali, mai gudu zai fito hayaƙi. Na biyu, mahaɗin ƙara nisa da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi yana cin haske. Mai 1.4 yana cin mataki ɗaya, ya mayar da 70-200 f/2.8 ya zama 98-280 f/4. Mai ninki 2 yana cin mataki biyu, ka koma f/5.6 da ka gudo daga gare ta. Da rana ina sa mai 1.4 ba na ko tunani. Da an kunna fitilun fili nake cire shi.

Fitilu ma suna da nasu halin. Da yawa daga cikin na ɗakunan wasa, musamman tsofaffi, suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, gwargwadon lantarkin ƙasar. Ido ba ya gani, amma a 1/1000 kyamara tana gani, sai ka sami hoto ɗaya mai haske, na bayansa mai duhu da launin kore-kore. Na daɗe ina zargin gilashina kafin in gane fitila ce. Kyamarori da yawa tun daga Canon 7D Mark II na 2014 suna da saitin da ke jiran ƙololuwar hasken kafin su ƙifta. In taka tana da shi, kunna shi.

Girman sensa kuma yana sauya lissafin. A kan ƙaramar sensa ta APS-C, ana ninka lambar mm ta gilashin da 1.5, ko 1.6 a Canon. 70-200 sai ya yi aikin kamar 105-300, wanda alheri ne a filin ƙwallon ƙafa. Amma 85mm zai koma kamar 130, ya yi tsawo ga wanda ke zaune ƙarƙashin kwando, can 50mm f/1.8 ya fi dacewa. Ƙaramar sensa kuma ta fi saurin yin yashi-yashi in ISO ya hau, don haka mai ita ya fi buƙatar buɗaɗɗiyar ƙofa a ɗaki mai duhu. Game da yanke hoto daga baya, yana taimako amma yana da iyaka: in ka yanke hoton megafiksel 24 don ya yi kamar ka ninka nisan gilashinka, 6 ne za su rage maka.

Yanzu in aka tambaye ni wanne za a fara saya, ba na amsawa sai na ji abu biyu: wane wasa, kuma da wane haske. Mai ɗaukar ƙwallon ƙafa ko tsere da rana kawai, ko f/2.8 ba dole ba ne gare shi, 100-400mm ko 150-600mm zai fi yi masa amfani, domin a rana 1/1000 tana samuwa a f/6.3 ba tare da wahala ba. Mai haɗa fili da ɗaki, rana da dare, wanda kuma gilashi ɗaya zai iya saya, 70-200 f/2.8 nake ce masa ba tare da jinkiri ba, ko da na hannu ne. Kyamarorin yanzu suna jure ISO 12800 fiye da yadda na da suke jure 3200, manhajojin goge yashi-yashi ma sun yi nisa, saboda haka ratar mataki ɗaya da ɗan kai da ke tsakanin f/2.8 da f/1.8 ba ta da tsanani kamar da. Hoto mai ɗan yashi ana gyara shi. Wanda aka yanke wa kai, ko wanda ya zama hayaƙi, babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake.

Amma wanda aikinsa duka a ɗaki mai duhu ne, dambe ko ƙwallon tebur ko kwando, inda 'yan wasa ke zuwa wuri ɗaya da aka sani, kuma kuɗinsa bai kai na babban zum ba, kada ya jira. 85mm f/1.8 zai ba shi hotunan da 70-300 ba zai taɓa ba shi ba, kuma zai koya masa karanta wasa. Wannan shi ne babban abin da na samu daga shekarar da na yi da tsayayyen gilashi. Da yake ba na iya bin ƙwallo ko'ina, dole na koyi sanin inda za ta je: wane yaro ne ke son shiga ta hagu, wace 'yar wasa ce ke tsalle kafin kowa, ina mai horarwa yake tsayawa in ransa ya ɓaci. Ko da na koma zum, wannan sanin bai bar ni ba, kuma ina ganin da da zum na fara da kyau, da ban koye shi da wuri ba.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai gwajin da ba ya cin komai. Je wurin da za ka riƙa ɗauka, a lokacin da ake wasan, da duk gilashin da kake da shi. Buɗe ƙofarsa iyakarta, sa 1/1000, ka ga ISO nawa kyamara ta nema. Daga nan lissafi ne mai sauƙi, kowane mataki yana raba lambar biyu. In a f/2.8 za ka tsaya a 6400 ko ƙasa, zum ya ishe ka. In lissafin ya haura 12800, nemi f/1.8 ko f/2. Sannan ka buɗe hotunanka na baya da ka fi so, ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowanne, ka ga tsawon da ka fi amfani da shi. Da na yi wannan a kan hotunan kwando na shekara guda da na ɗauka da 70-200, sai na tarar mafi yawan waɗanda na zaɓa suna tsakanin 70 da 100 ne. A na ƙwallon ƙafa kuwa kusan duka suna manne a 200, alamar cewa nisa ne ke ƙaranta mini a can, kuma 300mm nake buƙata nan gaba.

Makon jiya na koma ɗakin nan na farko. Sun canza fitilun gefe ɗaya, ɗaya gefen yana nan da duhunsa. Na ɗauki rabin farko da 70-200 a ƙarƙashin sababbin fitilu, f/2.8, 1/1000, ISO 6400. Da aka juya, ƙungiyar da nake bi ta koma kai hari ɓangaren duhu, sai na tsallaka can, na zauna a ƙasa na jingina da bango daidai inda dattijon nan ya zauna, na mayar da zum cikin jaka na ɗaura 85.